Awon ganuwa da hoto a lokacin hunturu: ina aikin ke lalacewa?

Ɗalibar tarihi, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum malamai. Ƙungiyar CAA ta masu amfani da kwamfuta da lissafi wajen binciken kayan tarihi, wadda ta fara taronta a Birmingham ta Ingila a 1973, tana taro duk shekara, mujallarta JCAA kuma kyauta ake karanta ta a intanet. Ga mai son kai musu takarda kan ragowar ganuwar Katsina, wadda aka auna da hotuna aka fitar da siffarta a kwamfuta, me ya fi ɓata aikin a fili?

Mai safiyo, Katsina:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kafin a zo maganar kyamara, a gyara maganar taswira. Tsofaffin taswirorin safiyo na ƙasar nan a kan ma'aunin Minna aka zana su, GPS kuwa ma'aunin duniya na WGS84 yake bayarwa. Idan aka ɗora ɗaya kan ɗaya a manhajar taswira ta QGIS ba a juya ma'aunin ba, ganuwa za ta goce da gomman mitoci, har ta faɗa cikin gidajen mutane, kuma manhajar ba za ta ce uffan ba. Katsina da Daura duk suna shiyya ta 32 ta arewa a tsarin raba taswirar duniya na UTM: lambar shaidar ma'auni (EPSG) 32632 na WGS84, 26332 na Minna. A zaɓi ɗaya, a rubuta lambarsa a kowane fayil. GPS na waya yana kuskuren mita 3 zuwa 5. Ya isa nuna inda wuri yake, amma ba ya auna zaizayar damina ɗaya. A kafa alamomi aƙalla 5 a ƙasa da na'urar safiyo, a ware 2 daban da ba za su shiga lissafi ba, da su ake gwada kuskure a ƙarshe.

Malamin jami'a:
Gaskiyar Malam ce. Na biyu shi ne haske. Jar ƙasa launinta ɗaya, inda yaɓe bai zube ba manhaja ba ta samun abin kamawa, sai siffar ta fito da ramuka. Inda tubali ya bayyana kuwa aiki lafiya lau. Kowane hoto ya maimaita kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na wanda ya gabace shi, a tsaya mita 3 zuwa 4 daga bango, a saita buɗewar idon kyamara a f/8, ƙarfin jin haskenta (ISO) a 100 ko 200, kada a taɓa zum har a gama. A ajiye sandar awo ta mita ɗaya guda biyu, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye. Inuwa ma tafiya take yi: bangon da aka fara da hantsi aka ƙarasa bayan la'asar, manhajojin haɗa hotuna Metashape da Meshroom duk sai su raba shi gida biyu.

Ma'aikaciyar gidan tarihi:
Malam, hazon hunturun da ake kuka da shi ba duka ne sharri ba. Siririn hazo yana kashe kaifin inuwa, hoton kusa ya fi kyau. Ƙurar da ke shiga kyamara ce matsala, don haka ba a canza gilashin kyamara a fili. Sannan takardar izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta riga komai, a kuma gaida mai unguwa, domin wani sashen ganuwar yanzu katangar gidan wani ne.

Mai safiyo, Katsina:
Jirgi maras matuƙi ma, Hajiya, sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama (NCAA) da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Don saman bango, doguwar sanda da kyamara a kai ta wadatar.

Malamin jami'a:
A cikin takardar a faɗi adadin hotuna, irin kyamara, sigar manhaja da kuskuren alamomin gwaji a santimita. Ainihin hotunan a adana su a wuri biyu, kada a tura ta WhatsApp. Yana matse su ya goge bayanan kyamara da manhaja ke buƙata.