Yaƙi ya ƙare a 1945, su kuwa sai 1949: tsaro ne ko ƙwace?

Malam Isa: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a majalisa wani ya ce Kanada ta zalunci 'yan ƙasarta masu asalin Japan a Yaƙin Duniya na Biyu, ni kuwa ban yarda ba. Ranar 7 ga Disamba 1941 Japan ta kai hari Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka. A watan nan dai sojojin Kanada kusan 2,000 suka gwabza da ita a Hong Kong, wajen 290 suka mutu a fagen daga, fiye da 250 kuma suka ƙarasa a sansanonin fursuna da yunwa da cuta da duka. Gwamnatin da ta ga wannan, don ta janye Japanawa daga gaɓar tekun lardin British Columbia da ke yammacin Kanada ai taka-tsantsan ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, su wa aka janye? Mutum wajen 22,000 ne, kuma kusan kashi uku cikin huɗu 'yan Kanada ne, ko a can aka haife su ko sun karɓi takardar zama ɗan ƙasa. Dubbai daga cikinsu an fara tara su ne a Hastings Park da ke Vancouver, inda ake baje kolin dabbobi. Mata masu goyo a rumfunan shanu da dawaki suka kwana, suna rataye barguna don su sami sutura. Jinjirin da ke bayan uwarsa, wane jirgin yaƙi zai yi wa ishara?

Aminu: Hajiya, a yi adalci fa. Amurka ma ta kwashe nata masu asalin Japan wajen 120,000. Lokacin kowa a tsorace yake, ba Kanada kaɗai ba.

Hajiya Rabi: Ƙanena, to Jamusawa fa? A 1942 jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus har cikin kogin St. Lawrence na Kanada suka shigo suna nutsar da jirage. Duk da haka ba a kwashe al'ummar Jamusawa ɗungurungum ba, waɗanda ake zargi aka kama. 'Yan Italiya ma wajen 600 aka tsare. Japanawa ne kawai aka yi wa kuɗin goro, daga tsoho har jariri.

Nafi'u: Ni ina karatu a nan British Columbia, kuma na je New Denver, ɗaya daga cikin garuruwan da aka kai su cikin duwatsu. An adana wasu daga cikin bukkokin katakon. Bukka ɗaya iyali biyu ake cusawa, madafi ɗaya a tsakiya. Ni da rigar sanyi mai kauri ban iya daɗewa a ciki ba, balle wanda ya yi hunturu uku ko huɗu a wurin. Amma Malam, abin da ya fi tsaya min a rai dukiyar ce. An kama jiragen kamun kifinsu kusan 1,200. An ce musu gidaje da gonaki amana ne a hannun hukuma, sai ga shi a 1943 an ba da izinin sayarwa ba tare da yardarsu ba, a araha, kuma daga kuɗin aka riƙa ciyar da su a tsare. Mutum ya biya kuɗin kurkukunsa da gidansa.

Malam Isa: Wannan na sayar da kaya ba zan kare shi ba, cin amana ne. Amma janyewar 1942 har yanzu ina kan bakana. Shugaba ba ya jira sai an ci gari sannan ya rufe ƙofa.

Hajiya Rabi: To bari mu auna da ma'auninka, Malam. In tsaro ne, ranar da tsoro ya gushe ya kamata a sake su. A Agustan 1944 Firayim Minista Mackenzie King da bakinsa ya faɗa a majalisa cewa ba a tuhumi ko mutum ɗaya ɗan asalin Japan haifaffen Kanada da zagon ƙasa ba. Amurkar da Aminu ya kawo, tun farkon 1945 ta bar nata su koma gaɓar teku. Kanada kuwa a 1945 zaɓi biyu ta ba su: ko su ƙaura gabashin duwatsun Rocky, ko su sa hannu a kai su Japan. A 1946, yaƙi ya ƙare, Japan ta zama toka, aka loda kusan 4,000 a jirgi, da yawansu ba su taɓa taka ƙasar ba. Sauran ba a bar su sun koma gaɓar teku ba sai 1 ga Afrilu 1949. Wane hari ake tsoro a 1948?

Baba Garba: Ku ɗan saurare ni, 'ya'yana. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da Turawa suka kai Burma, kuma abin da ya gani a hannun sojan Japan har ya bar duniya ba ya son maimaita shi. Don haka Isa, na san inda maganarka ta fito. Amma masuncin da aka haifa a Steveston, garin masunta a British Columbia, ba shi ya riƙe bindiga a Hong Kong ba. Kuma ƙiyayyar ta girmi yaƙin: tun 1907 aka far wa unguwarsu a Vancouver, ƙuri'a ma an hana su tun kafin nan.

Aminu: Amma ai sun nemi gafara. Ranar 22 ga Satumba 1988 Firayim Ministan Kanada na lokacin, Brian Mulroney, ya miƙe a majalisa ya ba da haƙuri, aka ba duk wanda ke raye dalar Kanada 21,000. Ƙasa nawa ce ta yi haka?

Nafi'u: Gaskiya ne, Yaya, kuma ban raina ba. Sai dai shekara 46 tsakani. Iyayen da suka sayi jiragen da gonakin da guminsu, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya kafin ranar.

Malam Isa: Hajiya, tambayarki ta 1948 ba ni da amsarta. Ta 1942 kuwa ban sauka ba tukuna. Nafi'u, me shugabannin soja da 'yan sanda suka ce a lokacin?

Nafi'u: Sun ce ba su ga barazana ba, Malam. 'Yan siyasar British Columbia ne suka matsa, irin su minista Ian Mackenzie.