Gyaran da AI ya rubuta: zan iya tura shi ga aikin buɗaɗɗiyar manhaja a haka?

sabon_shiga

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka jima suna ba da gudummawa a ayyukan buɗaɗɗiyar manhaja. Akwai wata laburare (tarin kod da wasu manhajoji ke amfani da shi) ta Python a GitHub mai lasisin MIT, tana faɗuwa da TypeError duk lokacin da ta zo kwatanta kwanan wata mai alamar yankin lokaci da wanda ba shi da ita. Mataimakin AI na cikin VS Code ya rubuta gyara, gwaje-gwaje duk sun wuce. Sai dai gyaran ya taɓa fayil 9, layi kusan 400, ya kuma ƙara sabon fakiti ɗaya a jerin abubuwan da manhajar ke dogaro da su. Shin in tura PR (buƙatar a haɗa gyarana cikin aikin) haka? Dole ne in faɗa musu AI ne ya rubuta? Me zan duba tukuna?

tsohon_hannu

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka taɓa komai, buɗe CONTRIBUTING.md na aikin ka karanta shi daga farko har ƙarshe, ka duba babban fayil na .github ko akwai tsarin rubuta PR a ciki. Amsar tambayarka ta biyu tana can, domin kowane aiki da tasa dokar. Gentoo ta hana karɓar gudummawar da aka rubuta da irin waɗannan kayan tun Afrilun 2024. NetBSD, a shekarar, ta ce kod ɗin da AI ya fitar ana ɗaukarsa gurɓatacce ne, ba ya shiga sai da izinin shugabannin aikin a rubuce. QEMU ta bi sahu a 2025. Fedora kuwa ta yarda, da sharaɗin ka bayyana, kuma alhakin abin da ka tura yana wuyanka. Suna ba da shawarar layin Assisted-by a ƙarshen saƙon commit, wato bayanin da ake rubutawa idan an ajiye sauyi a git.

Idan aikin bai ce komai ba, ka faɗa duk da haka. Layi ɗaya ya isa: da wane mataimaki aka yi, wane ɓangare ya rubuta, me ka gwada da kanka. Mai dubawa yana sauya irin karatun da zai yi wa kod idan ya san daga inda ya fito, kuma haƙƙinsa ne ya sani.

Sannan ka lura ko suna neman sa hannun DCO. Shi ne layin Signed-off-by da `git commit -s` ke ƙarawa, tsarin da masu Linux suka fito da shi a 2004. Mutane da yawa na buga shi kamar ado, alhali shaida ce kake bayarwa cewa kana da ikon miƙa wannan kod ƙarƙashin lasisin aikin. A nan QEMU ta kafa hujjarta: yaya za ka shaida asalin abin da ba ka san inda AI ya samo shi ba?

mai_bitar_kod

Malam tsohon_hannu ya gama batun doka. Ni batun layi 400 ne ya tsaya min. Matsalar da ka bayyana gyaranta ba ya wuce layi 10 zuwa 20, har da gwaji. Sauran kuwa, ba sai na gani ba: an sake jera import, an sauya alamun zance, an sake sunayen abubuwan da ba ruwansu da matsalar, wataƙila ma an sauya ƙarshen layuka daga LF zuwa CRLF. Mai kula da aikin da yake yi a lokacin hutunsa ba zai zauna ya tsince ainihin gyaran daga cikin wannan tari ba, zai rufe ne ko ya bar shi ya tsufa.

Ga yadda za ka rage shi. Buga `git diff --stat` ka ga fayil nawa da layi nawa. Sai `git diff -w`, wanda ke ɓoye sauyin sarari zalla. Idan 400 ta koma 60, ka san inda sauran suka fito. Daga nan ka yi `git add -p`, yana nuna maka sauyi guntu-guntu, ka amsa y ga wanda ya shafi matsalar, n ga wanda bai shafa ba, s idan guntun ya haɗa biyu kana so a raba. Abin da ya rage ka watsar da `git restore`. Duk layin da ba za ka iya bayyana dalilinsa ba idan an tambaye ka, kada ya shiga.

Yanzu gwajin. "Duk sun wuce" ba ya nuna komai sai ka tabbatar da abu biyu. Na farko, shin mataimakin ya taɓa tsofaffin gwaje-gwaje? Duba `git diff` a kan babban fayil na tests kaɗai. Halin waɗannan kayan ne idan gwaji ya ƙi wucewa su sauya amsar da ake tsammani, ko su sa masa skip, ko su naɗe wurin da `except Exception: pass`, sai komai ya yi kore, alamar ya wuce, alhali matsalar na nan. Na biyu, sabon gwajin dole ya faɗi idan an cire gyaran. Ajiye gyaran gefe da `git stash push` tare da sunan fayil ɗin da aka gyara, gudanar da gwaje-gwajen da pytest, ka ga ja, alamar faɗuwa, da idonka, sannan `git stash pop` ka sake gudanarwa. Gwajin da ke wucewa da gyara da ba gyara ba shi da amfani, kuma AI na yawan rubuta irinsa saboda yana lulluɓe komai da mock, wato kod na kwaikwayo da ke maye gurbin na ainihi, har ba abin da ya rage na gaske da ake gwadawa.

Game da matsalar kanta, ka nemi `replace(tzinfo=None)` a cikin gyaran. Idan yana nan, an kashe ƙarar kuskure ne kawai. Cire alamar yanki ba ya juya sa'a zuwa UTC, lokacin da duk yankuna ke ma'auni da shi, don haka ƙarfe 12 na wani yanki zai zama daidai da ƙarfe 12 na wani, manhaja ta ci gaba da ba da amsa mara kyau shiru. Wannan ya fi faɗuwar muni. Haka kuma `datetime.utcnow()`, wanda samfuran ke so ƙwarai domin ya cika tsofaffin kod ɗin da suka koya daga ciki: yana dawo da lokaci marar alamar yanki, kuma Python 3.12 ta sanya shi cikin waɗanda za a daina amfani da su. Madadinsa `datetime.now(timezone.utc)`.

Tambayar da ke ƙarƙashin duk wannan, wato lokacin da ba shi da alama a ɗauke shi UTC ne ko na kwamfutar mai amfani, ba taka ba ce kuma ba ta AI ba ce. Masu aikin ne za su yanke. Rubuta a issue ɗin, wato shafin rahoton matsalar a GitHub, ka kawo hanyoyin biyu, ka jira amsa.

tsaro_farko

Sabon fakitin nan, ka tabbata akwai shi kuma shi ne wanda kake zato? Samfuran AI kan ƙago sunan fakiti mai kama da na gaske, kuma kowa na iya zuwa PyPI ko npm, rumbunan da ake sauke fakiti daga ciki, ya yi rajistar wannan suna ya cusa mugun kod. Buɗe shafinsa ka duba ranar fitowar farko, da ma'ajiyar da yake nunawa, da lasisinsa. Kada ka girka don "ka gani", domin girkawar ita kanta tana iya gudanar da kod: setup.py a Python, postinstall a npm. Idan dole ne, yi a cikin kwantena, wato keɓaɓɓen muhalli da aka raba da sauran kwamfutarka, da `pip install --only-binary :all:` ko `npm install --ignore-scripts`.

Batun lasisi kuma, idan akwai wani dogon guntu da salonsa ya bambanta da sauran, ko yana ɗauke da sharhi irin na mutum, kwafi layi ɗaya ka nema a binciken kod na GitHub. Kod ɗin GPL ba ya shiga aikin MIT, kuma amsoshin Stack Overflow suna ƙarƙashin CC BY-SA ne. Copilot, mataimakin AI na GitHub, na da saitin da ke toshe shawarar da ta yi daidai da kod ɗin da ke a fili, ka kunna shi, amma kwafi na zahiri yake kamawa, wanda aka ɗan sauya sunaye zai iya wucewa.

yar_linux

Yaya tsohon_hannu, a wuri ɗaya ban bi ka gaba ɗaya ba. Idan mataimakin ƙarasa layi kawai ya yi, mutum na bugawa yana cike masa, ban ga dalilin sanarwa ba sai dokar aikin ta nema. Amma abin da sabon_shiga ya kawo daban ne, an ba shi matsala ya rubuta gyaran dungum, wannan kam a faɗa. Ƙari ɗaya: bayanin PR ka rubuta shi da kanka, gajere. Dogon bayani mai kanun labarai da jerin ɗigo-ɗigo yana sa masu dubawa su ja baya tun kafin su ga kod, musamman bayan abin da Daniel Stenberg, jagoran aikin manhajar curl, ya sha faɗa kan rahotannin tsaro na bogi da AI ke rubutawa.

sabon_shiga

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na duba: fakitin pytz ne, na sarrafa yankunan lokaci, kuma `replace(tzinfo=None)` ba ya ciki. Aikin ba shi da doka kan AI. Shin pytz ɗin zai iya zama?

mai_bitar_kod

pytz na gaske ne, ba matsalar tsaro, amma ba ka buƙatarsa. Buɗe pyproject.toml ka duba requires-python. Idan 3.9 ne ko sama, zoneinfo, mai yin irin aikin pytz, na cikin Python kanta. Idan UTC kaɗai kake so ma, `timezone.utc` ya wadatar ba tare da ɗayansu ba. Abin lura da zoneinfo shi ne a Windows yana neman fakitin tzdata, domin tsarin ba ya zuwa da bayanan yankuna irin na Linux, don haka ka duba ko CI ɗinsu, tsarin da ke gudanar da gwaje-gwaje kai tsaye, na gwadawa a Windows.

Idan masu aikin suka ce a ci gaba da pytz, to ka nemi inda aka miƙa shi kai tsaye a matsayin tzinfo cikin `datetime()`. Yin haka yana ɗauko tsohon lokacin yankin na tarihi, sai sa'a ta kauce da wasu mintuna. Hanyar da ta dace ita ce `localize()`. Kuma idan gyaran na amfani da `fromisoformat`, ka sa gwaji ɗaya da kwanan wata mai ƙarewa da Z, domin kafin 3.11 ba ya karanta shi, sai ya wuce a kwamfutarka ya faɗi a tasu. Idan ba su nemi pytz ba, cire shi daga jerin, ka haɗe commit ɗinka su zama ɗaya da `git rebase -i`, ka sa lambar issue ɗin a saƙon.