Mai tabarau a gaban fitilar situdiyo: ya kuke yi?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa masu ɗaukar hoto. Duk sanda mai tabarau ya zauna a gabana, sai sofbos, wato akwatin da ake sa wa fitila don tausasa haske, ya fito ɓaro-ɓaro a gilashin, ido ya ɓace. Ba na son cewa mutum ya cire, don wani da tabarau aka san shi. Ya kuke yi?

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam ƙanena. Gilashi madubi ne, kusurwar da haske ya sauka a kansa da ita yake tashi, shi ya sa fitilar da ke kusa da kyamara take dawo maka. Ni nakan ɗaga ta sama da kan mutum, in kai ta gefe wajen digiri 45, in kunna fitilar gwaji, wato wadda ke nuna inda haske zai sauka kafin a ɗauka, ina leƙawa ta kyamara ina matsarwa har farin ya zame daga gilashin. Amma kar ka wuce gona da iri. In ta yi sama sosai, firam ɗin tabarau zai jefa inuwa a kan ido, ɗigon hasken nan na ƙwayar ido ya mutu, hoto ya rasa rai.

Mai hoton ofis: Gaskiya ne Yaya. Ni fuska nake juyawa. Mutum ya ɗan kau da hanci daga wajen fitila, haske ya sauka a kuncin da ke fuskantar kyamara, sai walƙiyar ta tafi can gefe. In da saura, ya sauke haɓa kaɗan, ko a ɗaga hannuwan tabarau daga kunne, gilashin ya ɗan sunkuya. Kaɗan fa, in ya yi yawa ana ganewa.

Mai gyaran hoto: Ni biyu nake ɗauka, ɗaya da tabarau ɗaya babu, in haɗa a Photoshop.

Mai hoton ofis: Malam, wannan sai in ya zama dole. Gilashi mai ƙarfi yana sauya girman ido, in ka liƙa idon da ba gilashi, wanda aka ɗauka ma zai ga kamar ba shi ba. Ga ɓata lokaci in mutane suna da yawa.

Mai tambaya: Na gode. Na ɗaga fitilar na juya fuskar, farin ya tafi. Saura wani kore-kore a gefen gilashi, shi kuma fa?

Tsohon hannu: Shafin hana walƙiya ne da ake yi wa gilashin, yana nufin har yanzu yana hango bakin sofbos. Ƙara matsar da ita gefe kamar taƙi ɗaya.