Kibiyar da Na Ɗaura da Hannuna Ta Fashe, Maharba Ku Ba Ni Shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Kakana maharbi ne, bana shekararsa uku da rasuwa. Da aka zo rabon kayan ɗakinsa ba wanda ya waiwayi kwari da bakansa, sai na ɗauka. Bakan lafiyarsa ƙalau, tsarkiya kawai na sa aka murɗa mini sabuwa. Kibiyoyin kuwa gara ta cinye, saura bakwai, bakinsu da wani baƙin abu da ya daskare kamar kwalta.

Na yanko kyauro a fadama satin da ya wuce, maƙerin unguwarmu ya ƙera mini kawuna goma masu kunne, na ɗaura da zaren lilo. Jiya bayan la'asar ina harbin buhun ƙaiƙayi a bayan gida, ta huɗu ina sakinta sai na ji ƙas, ta tsage, tsinke ɗaya ya shige tsakanin babban yatsana da manuni. Na zare, na ɗaure da tsumma. Ina so in bi mutanen garinmu farauta da ranin nan. Ina kuskuren yake? Kuma hukuma za ta iya kama ni don ina riƙe da kibiyar da na yi da kaina?

Tsohon maharbi:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kakanka. Ɗana, kafin komai, waɗancan bakwai ɗin ka nisanta su da yara yau ɗin nan. Baƙin abin nan dafi ne, galibi na tsiron kwankwani, zuciya yake tsayarwa, kuma tsufa ba ya kashe shi. Kada ka kankare shi da hannun da ke da rauni. Ka naɗe su a fata ka kai wa Sarkin Bakan garinku, ya san yadda zai yi da su.

Sai taka kibiyar. Ɗanyen kyauro ka ɗaura, shi ne kuskure na farko. Mu da kaka muke yanka, idan ya nuna, mu ɗaure shi dami a inuwa ya yi wata biyu ko uku. Wanda ya karkace a gasa shi sama-sama a kan garwashi a miƙar. Na biyu, zaren lilo santsi gare shi, ba ya kama kyauro. Jijiya ake jiƙawa a naɗe wuyan kibiya inda ƙarfe ya shiga, a kuma naɗe gindinta inda tsarkiya take zama. Jijiya idan ta bushe ƙara matsewa take yi. Na tabbata gindin taka ba naɗi, shi ya sa tsarkiya ta tsaga ta kamar an sa wuƙa. Na uku, bakan kakanka na ƙato ne, kyauro siriri ba zai ɗauki ƙarfinsa ba. Kowace kibiya kafin ka ɗana ta, kai ta kusa da kunne, ka ɗan lanƙwasa, ka juya, ka sake lanƙwasawa. Ka ji ɗan ƙara ko yaya, karya ta ka jefa a wuta, kada ka ce za ka gyara. Kuma kada ka taɓa ja ka saki tsarkiya ba kibiya a kai, bakan ne zai tsage a hannunka.

Abin da samari ba su sani ba kuma, kibiyarmu ta gargajiya ba ta da gashi, ba ta da nauyi, ba ta da nisa. Dafi ne yake yi mata aiki. Idan ba dafi, ka harbi gada ko barewa, rauni kawai za ka yi mata, ta gudu da ƙarfe a jiki ta mutu a wahala bayan kwanaki, kai ba nama, ita ba rai. Wannan na gani da idona, kuma har yau yana damuna. Ka tsaya kan zomo da fakara da gafiya, daga kusa.

Ma'aikaciyar jinya:
Ƙanena, hannun nan ka kwance tsumman, ka wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, ka je asibiti a duba ko tsinke ya karye a ciki, a yi maka allurar tetanus. Raunin suka ya fi yanka haɗari, bakinsa ƙarami, cikinsa zurfi. Sannan tunda kawunanka masu kunne ne, ka riƙe wannan: idan kibiya ta shiga jikin mutum ba a zare ta a daji. Kunnuwan suna yago nama da jijiyoyin jini wajen fita, wani lokaci ma ƙarfen ne ya toshe jinin. A tallafe ta da tsumma kada ta motsa, a garzaya asibiti.

Lauya:
Malam, dokar bindigogi ta 1959 kan bindiga take magana, har da ta toka. Baka da kibiya ba sa cikinta, don haka ba a neman lasisin mallaka, kuma ba ruwan doka da ko saya ka yi ko ɗaurawa. Inda mutane suke faɗawa shi ne abin da suka harba, da wurin, da yadda suka harba. Dokar tarayya ta kare namun daji ta 1985, wadda aka ƙara wa kuɗin tara a 2016, ta haramta farautar irin su zaki, damisa, ayu da ɗankunya. Ta kuma hana makami mai dafi, da cinna wa daji wuta don koro nama, da farautar dare. Kamuku, Gashaka Gumti da Tafkin Kainji gandun tarayya ne, shiga da makami kaɗai laifi ne ko ba ka harbi komai ba. Yankari kuma jiharsa ke tsaron sa. Ka leƙa ofishin gandun daji na ƙaramar hukumarku ka tambayi ƙa'idar jiharku. Idan kuwa kibiyarka ta sami mutum, ko bisa kuskure ne, magana ta koma kotun laifi.

Direban babbar mota:
Barista ya faɗi ta takarda, ni bari in faɗi ta hanya. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Kano a Uromi ta jihar Edo, suna dawowa daga Fatakwal za su gida sallah, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu. Allah ya gafarta musu. Kada ka hau motar haya da kwari a kafaɗa. Ka kwance tsarkiya, ka naɗe komai a buhu, ka yi rajista da ƙungiyar mafarautan garinku ka riƙe katinka a aljihu.

Wani ɗan uwa:
Bayan gida ma ba wurin gwaji ba ne. Kibiya ta kuskure buhu ta tsallake danga, wa ka san yana tsugune a can?

Tsohon maharbi:
Gaskiyarsa. Gindin tudu ko bangon kududdufi da ya ƙafe ake nema. A farautar gayya kuwa, ga karnuka ga yara ga ƙura, mu ba ma barin sabon hannu ya ɗana kibiya. Shekarar farko gora kawai zai riƙe, yana bin babba yana kallo.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, na je asibiti da safe, ashe akwai guntun tsinke a ciki, an cire an yi allurar. Bakwai ɗin suna wajen Sarkin Baka, ya ce in zo ranar Juma'a da bakan ya gani. Baba, jijiyar saniya ko ta akuya zan ce wa mahauci ya ajiye mini?

Tsohon maharbi:
Ta saniya, ta gadon baya, ita ce doguwa. Ka shanya ta bushe, ka daddaka ta tsattsage kamar zare. Kyauro kuma ka bari sai kaka.