Muhawara: Murɗa baya na mayar da abin da ya danne jijiya?

Direba: Salamu alaikum jama'a. Ni dai ina nan kan bakana. Ciwon nan da ke tasowa daga ƙugu, ya ratsa ɗuwawu, ya bi bayan cinya har tafin ƙafa, wanda ake kira sayatika, ƙashi ne ya goce. Ka je wurin kayirofirakta, mai sana'ar murɗa baya da hannu, ya murɗa ka, ka ji ƙas, ƙashi ya koma mazauninsa. An yi mini, na kuma warke.

Likitar fisiyo: Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara lafiya, Malam. Sai dai galibi ba ƙashi ne ke gocewa ba. Jijiyar da wannan ciwo ke bi ita ce mafi kauri a jikin ɗan Adam, saiwoyinta biyar suna fitowa daga ƙasan ƙashin baya, daga matakin da likitoci ke kira L4 zuwa S3. Tsakanin ƙasusuwan akwai faifan guringuntsi mai taushin ciki. In bayansa ya tsage, sai na ciki ya ɓullo ya danne saiwar, ya kumbura ta. Kusan tara cikin goma na masu sayatika, daga nan ciwonsu yake. Ragowar kuwa akwai ƙuntatar mashigar jijiya ga masu shekaru, da tsokar ɗuwawu da ke matse ta, da juna biyu. Ƙashi ɗaya kan zame gaba a kan ɗan'uwansa, amma bai cika faruwa ba. Abin da ya riga ya ɓullo kuma, babu hannun da zai tura shi ciki daga waje.

Direba: To ƙarar fa, Hajiya? Da kunnena na ji.

Ɗalibi: Iska ce a cikin ruwan gaɓa, Yaya, irin ta wanda ya lanƙwasa yatsunsa suka yi ƙas. Maganar "gocewa" ma gado ce daga Daniel David Palmer, wanda ya kafa sana'ar a 1895 a Davenport, jihar Iowa ta Amurka, yana da'awar kusan duk cututtuka daga gocewar ƙashin baya suke. A 2010 hukumar da ke kula da masu sana'ar a Birtaniya da kanta ta ce babu binciken da ya tabbatar da hakan.

Dattijo: Yaro, a yi adalci. Don tushen abu ya zo da kuskure ba shi ke sa a watsar da shi duka ba. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin jinya, a ƙa'idojinta na 2016, ta yarda a yi aikin hannu ga mai sayatika. An kuma yi gwaji a Amurka da aka wallafa a 2014, waɗanda aka murɗa wa baya suka fi samun sauƙi.

Likitar fisiyo: Gaskiyarka, Baba, amma a ƙarasa zancen. NICE cewa ta yi sai an haɗa shi da motsa jiki, ba shi kaɗai ba. Gwajin 2014 kuma, a mako 12 aka ga bambanci a zafin ƙafa, da shekara ta cika ya ɓace. Ni ban ce ba ya rage zafi ba, yana sassauta tsoka, mutum ya samu ya motsa. Abin da nake musu shi ne "mayarwa". Yawancin masu sayatika suna samun sauƙi cikin mako 4 zuwa 6, jiki da kansa yakan tsotse abin da ya ɓullo.

Direba: Wato lokaci ne ya warkar da ni, shi kuma ya sha yabo? Ban yarda ba. Da ɗingishi na shiga, na fito ina takawa.

Uwar gida: Ku yi haƙuri na katse ku. Maigidana na da irin ciwon, dama can wurin masu murɗawar za mu kai shi. Amma tun jiya matse-matsinsa sun yi sanyi ba ya jin taɓawa, fitsari ma da ƙyar yake fita.

Likitar fisiyo: Yaya, kada kowa ya taɓa masa baya. Ku tafi sashen gaggawa na asibiti yanzu, kada ku jira safiya. Wannan alama ce ta cewa an danne tarin jijiyoyin da ke ƙarshen ƙashin baya, kuma jinkiri na iya jawo rashin riƙe fitsari da bahaya na dindindin. Ki faɗa musu daidai yadda kika faɗa mana, da lokacin da ya fara, za su nemi hoton MRI.