Wane suna za mu raɗa wa "roguelike" da Hausa?

'Yan'uwa masu buga wasan kwamfuta, ku matso mu yanke wata magana. Roboquest ne ya jawo ta, wasan da RyseUp Studios, wani ƙaramin kamfani mai cin gashin kansa a birnin Liyon na Faransa, ya kammala fitarwa a Nuwamban 2023. Kai mutum-mutumi ne riƙe da bindiga, kana ɓarin wuta da rundunar wasu mutum-mutumin ƙarfe. Wannan kowa ya gane. Amma da an tambaye mu wane irin wasa ne, sai mu ce "roguelike", mai tambaya ya yi zuru.

Asalin sunan wani tsohon wasa ne, Rogue, da Michael Toy da Glenn Wichman suka ƙirƙira a 1980 suna ɗalibai a Santa Cruz, jihar Kalifoniya. Ko hoto ɗaya babu a cikinsa: alamar @ kai ne, haruffa kuma dodanni. To "mai kama da Rogue" me zai gaya wa wanda bai taɓa jin Rogue ba? Aikin wasan ya kamata mu duba.

Abu biyu ne ginshiƙinsa. In ka mutu ka mutu, daga farko za ka faro. Sannan duk farawa kwamfuta na sauya ɗakuna, da makaman da za ka tsinta, da maƙiyan da ke jiranka, don haka haddace hanya ba ya cetonka.

Wani ɗan'uwa ya kawo "mutu-ka-sake". Yana da daɗin faɗi, amma rabi ya kama, don a Mario ma ana mutuwa a sake, kan hanyar nan dai ta jiya. "Faɗi-tashi" kuwa tuni yake da aikinsa a bakin masu neman abinci, a bar musu kayansu.

Ni na tsaya kan SAKE-LALE. Duk wanda ya zauna wurin karta ya san shi: an tattara katin kowa, an cakuɗa, an raba sabo. Abin da ke hannunka ɗazu ya tafi, kuma ba ka san me zai zo maka ba. Ginshiƙan biyu ke nan a kalma ɗaya, kuma tamu ce tun fil azal, har 'yan siyasa na cewa a sake lale.

Saura ƙaninsa, "roguelite". A taron masu ƙirƙirar irin waɗannan wasanni da aka yi a birnin Balin na Jamus a 2008, an gindaya cewa "roguelike" na asali bi-da-bi ake buga shi, ka taka maƙiyi ya taka. Roboquest gudu da harbi ne, kuma sifanonin da ka tara ba sa mutuwa tare da kai, da su kake gyara sansaninka kafin ka koma fage. Irin wannan sai mu ce sake-lale mai guzuri.

Ku gwada a baki: "Jiya na kwana ina buga wani sake-lale na mutum-mutumi." Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku ma lale kuke cewa a wurin karta, ko kuna da taku?