Tambaya kan maganin da ba ya narkewa a ruwa da fasahar nano

Ɗaliba daga Tudun Wada, Gombe:
Assalamu alaikum. Duk lokacin da aka ba mutum Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro, sai a ce ya sha da madara ko bayan cin abinci mai maiƙo. Malaminmu ya ce dalili shi ne sinadarin lumefantrine da ke cikinsa ba ya narkewa a ruwa, ya kuma ambaci cewa fasahar nano tana magance irin wannan matsala. Ina roƙon masana su fayyace mini ta yaya.

Mai haɗa magunguna, Bauchi:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Hanji ba ya tsotsar magani sai ya narke, abin da bai narke ba kuwa bayan gida yake bi. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kuma idan aka niƙe magani har ƙwayoyinsa suka koma 'yan ɗaruruwan nanomita, jikinsu da ke haɗuwa da ruwa yakan ƙaru ƙwarai, kamar yadda garin sukari ke riga sukarin ƙwara narkewa a shayi. Da wannan dabara aka yi ƙwayar Rapamune, maganin da ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, wadda Amurka ta amince da ita a 2000. Wahalar ita ce ƙwayoyin sukan sake dunƙulewa, shi ya sa ake lulluɓe su da wani sinadari da zai raba su.

Likita, Gombe:
Mai haɗa magunguna ya yi bayani mai kyau, amma akwai hanya ta biyu, wato a naɗe maganin cikin ƙanƙanin kumfar mai. Amphotericin B, maganin cututtukan fungas wanda shi ma ba ya narkewa a ruwa, ya daɗe yana lahanta ƙodar majinyata, sai da aka sa shi cikin irin wannan kumfa a matsayin AmBisome cutarwar ta ragu sosai, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2022 cewa a yi allurarsa sau ɗaya, haɗe da magungunan sha, ga masu cutar ƙanjamau da sanƙarau na kiriftokokus, wani nau'in fungas, ya kama. Abin da ke damuna shi ne tsada da ajiya, domin ba a son zafin wurin ya wuce digiri 25, alhali a Gombe cikin Afrilu yakan haura 40, ga wutar lantarki sai a hankali.

Ɗaliba daga Tudun Wada, Gombe:
Na gode, likita. Ke nan Coartem na nan yadda yake?

Likita, Gombe:
Ƙwarai kuwa, ki ci gaba da gaya wa mutane su sha shi da madara ko abinci mai mai.